Tucano 12 da Kuɗin da Bauchi ma ke da Kaso a Ciki

A Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, mai sayar da wake ko busasshen kifi yakan gane halin da yaƙin Arewa maso Gabas ke ciki daga farashin kayansa. Idan hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ta yi tsauri, ko masunta suka ƙaurace wa Baga, kaya sukan yi ƙaranci, kuɗi su hau. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dukiyar jiharsa ta shiga cinikin makamai mafi jan hankali a wannan yaƙi.

A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi samfurin Cobra, bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam. Daga baya aka fara batun jiragen A-29 Super Tucano guda 12, sai kuma jirgin sojin samanmu ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann ranar 17 ga Janairu 2017, maganar ta tsaya. Gwamnatin Trump ce ta amince a watan Agustan shekarar. Ba kyauta ba ce, ko da yake ana kiranta taimakon ƙawance. Ministan tsaro na lokacin, Mansur Dan Ali, ya fito fili ya koka da tsaurin sharuɗɗan.

Nan ne ma'aikacin gwamnati ya kamata ya nutsu. A Disamba 2017 gwamnoni suka yarda a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suka mallaka tare, har da Bauchi. Shugaba Buhari ya biya kimanin dala miliyan 496, sannan ya rubuta wa Majalisar Tarayya a Afrilu 2018 yana neman amincewarta, da hujjar cewa wa'adin da Amurka ta gindaya ya matso. Sashe na 80 na tsarin mulki kuwa bai san amincewar bayan biya ba. Har aka ambaci tsigewa a zauren Majalisar Dattawa, kafin ƙurar ta lafa. A ganina hujjar gaggawa tana da rauni, domin an shafe watanni ana cinikin.

Shida na farko sun iso a Yuli 2021, fiye da shekara uku bayan biyan kuɗi, sauran suka biyo baya kafin ƙarshen shekarar, aka ajiye su a Kainji.