Tsohon Garin Tarabulus, Inda Ayarin Kakanni Ke Sauke Kaya

A shirin wannan mako mun leƙa tsohon garin Tarabulus, babban birnin Libiya, a bakin tekun Bahar Rum. Idan Allah ya kai ka can, kar ka tsaya a shagunan sabon gari kaɗai. Wancan tsohon garin da ke cikin ganuwa, wanda suke kira Madina, shi ne ƙarshen hanyar fatake da ta taso daga Kano ta bi Damagaram, Agadas, Gat da Gadamas. Tafiyar watanni ce a kan raƙumi.

Ka shiga ta dandalin Shuhada, kusa da jar fadar nan, Saraya Hamra. Taku kaɗan za ka faɗa kasuwar Mushir, wurin 'yan zinariya da 'yan canji. Gaba, wajen hasumiyar agogo, ƙarar guduma ce za ta kai ka wurin maƙeran tagulla. Lungunan ƙunci gare su, ƙafa ce abin hawanka.

Abin da ya fi dacewa ka tsaya ka duba shi ne funduƙ, wato masaukin fatake. Gida ne mai ƙofa ɗaya da tsakar gida. Ƙasa rumbunan kaya ne da wurin dabbobi, sama ɗakunan kwana. Duk wanda ya san zango zai gane tsarin nan take. A irin waɗannan gidaje aka riƙa sauke jemammun fatun awakinmu, da gashin jimina, da hauren giwa, a ɗauko takarda da alharini da duwatsun ado. Gaskiya kuma a faɗe ta, har bayi an koro ta wannan hanya. Larabawan da ke wannan fatauci su ne ainihin waɗanda Kanawa suka fara kira Turawa, shi ya sa har yau akwai unguwar Dandalin Turawa a Kano. Harkar ta durƙushe ne bayan 1911, shekarar da Italiya ta mamaye Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano, kaya suka koma bin teku ta Legas.

Makiyayi, akwai naka: masallacin Naƙa, ma'ana taguwa, wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa a garin. Daga bakin teku kuma ga ƙofar dutsen da Rumawa suka gina wa sarkinsu Markus Awreliyus wajen shekara ta 165, tana nan tsaye.

To amma fa, kar ka taka ƙafa ba fasfo da biza. Baƙon da ya fito daga kudu ba takarda, shingen bincike ɗaya ya isa ya kai shi gidan tsare mutane, jarin ma ya salwanta. Ka yi canji da rana, tare da wanda ya san gari. Ranar Juma'a da safe kuma kar ka wahalar da kanka, yawancin shaguna a rufe suke.