Wa ke yanke albashin leburan ƙaramar hukuma?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Wani ƙanena daga Wara ya turo min tambaya. Ya ce mahaifinsa lebura ne a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, cikin masu yashe magudanar ruwa da gyaran kwalbati. Ya ce, "Yaya, kansilan mazaɓarmu zai iya sa a ƙara wa Baba albashi?" Amsar a taƙaice ita ce a'a. Amma ku tsaya, akwai abin da ke hannun kansilan, kuma ba ƙarami ba ne.

Mu fara da aikin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran tituna na cikin gari, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da kwashe shara. Wato idan damina ta sauka a Yelwa ruwa bai shiga gidanku ba, ko ka je kasuwar kifi ka samu wurin taka ƙafa, da hannun waɗannan bayin Allah a ciki: lebura, birkila, kafinta, direban gireda.

To, wa ke yanke musu albashi? Hawa uku ne.

Hawa na farko Abuja. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga 30,000 da ake kai tun 2019. Hawa na biyu Birnin Kebbi. A watan Oktoban 2024 Gwamna Nasir Idris, wanda tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya amince da naira 75,000 a jihar. Tsarin matakan albashi daga jiha yake saukowa, kuma manyan ma'aikata, daga mataki na 7 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsu da yi musu ƙarin girma. Ƙananan, daga mataki na 1 zuwa na 6, inda yawancin leburori suke, al'amarinsu ya fi zama a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Hawa na uku shi ne majalisar kansiloli. Ciyaman ne ke kawo kasafin kuɗin shekara, kansiloli su duba su amince. A cikin kasafin nan ake ganin nawa aka ware wa albashi, mutum nawa ne a sashen ayyuka, nawa za a kashe kan shebur da baro da man gireda. Kansila ba zai sauya adadin da ke shiga asusun Baba ba, amma yana da ikon tambaya: sunayen nan duka mutane ne masu zuwa aiki, ko akwai na bogi? Ma'aikatan wucin gadi fa, waɗanda ake sallama da ɗan abin da ya samu, yaushe za a tabbatar da su?

Saura kuɗin da kansa. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.6 cikin ɗari. Shekara da shekaru rabon Yauri, Ngaski da Shanga, kamar na sauran 18 na jihar, ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. A can ake cire albashin malaman firamare da sauransu kafin ragowar ta iso. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa kowace ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye. Bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta sha kokawa cewa aiwatarwar tana tafiyar hawainiya a faɗin ƙasa.

Ni dai abin da nake hange shi ne, ranar da kuɗin suka fara sauka kai tsaye, uzurin "daga sama ne" ya ƙare. Nauyin zai koma kan ciyaman da kansiloli, mutanen da muke haɗuwa da su a masallaci da wurin suna. Idan mun yi barci a lokacin, to wurin cin ne kawai zai sauya.

Saboda haka ƙanena, ka je wurin kansilanku cikin ladabi. Ka tambaye shi yaushe suka amince da kasafin bana, kuma nawa aka ware wa sashen ayyuka. Matambayi ba ya ɓata.

Ku fa, kun san sunan kansilan mazaɓarku? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.