Kusurwa Biyu, Digiri 180

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, unguwanni irin su Yalwawa suke ta faɗaɗa, ana yanka fuloti ana fitar da harsashin gini. Magini kan ja igiya biyu, ta katangar dama da ta hagu, ya tabbatar sun tafi kafaɗa da kafaɗa, tazararsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Da zarar igiya ta uku ta gitta su, an shiga darasin da ɗaliban sakandare ke gamuwa da shi a jarrabawar WAEC da NECO.

Layin da ya gitta yakan fitar da kusurwa takwas, huɗu a waje, huɗu a tsakanin layukan biyu. Daga cikin na tsakanin, a ɗauki biyu da ke gefe guda na layin gittawar. Ƙa'idar ita ce, muddin layukan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, jimillar waɗannan kusurwoyi digiri 180 ce. Dalili kuwa, layin gittawar da karkata ɗaya yake ratsa layukan biyu. Saboda haka kusurwar da ya yi a ƙasa ita ce ya maimaita a sama, kuma wannan ta saman da maƙwabciyarta, wato ɗayar ta tsakanin, su ne suka raba miƙaƙƙen layi, wanda awonsa 180 ne.

To, idan ɗaya 115 ce, sai a ɗebe ta daga 180, ɗayar ta zama 65. Wani lokaci masu jarrabawa sukan ɓoye awon cikin haruffa, su ce ɗaya x + 20, ɗayar 2x + 10. Haɗa su za a yi: 3x + 30 = 180, wato 3x = 150, x kuma 50. Sai a mayar da 50 gurbin x, a sami 70 da 110. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su ɗauka kusurwoyin daidai suke. Waɗanda suke daidai su ne masu siffar harafin Z, ɗaya nan gefe ɗaya can. Namu siffar C gare su, kuma ba sa zama daidai sai kowacce ta kasance 90.

Ƙa'idar tana aiki ta baya ma. Idan aka auna aka sami 178, layukan sun karkata, kuma ta wannan gefen za su haɗu. Digiri 2 kamar ba komai ba, amma a katanga mai tsawon mita 30 karkacewar ta haura mita ɗaya kaɗan. Ƙasa da haka ma ya isa ya kai maƙwabta gaban mai unguwa.

Wannan batu ne masanin lissafi Uƙlidis ya kafa a matsayin ginshiƙi na biyar a littafinsa, a Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Malamai irin su Ibn al-Haisam da Umar Khayyam da Nasiruddin al-Tusi sun yi ta ƙoƙarin fitar da shi daga sauran ginshiƙan huɗu, abin bai yiwu ba. Sai a 1829 Lobachevsky na Rasha, da Bolyai na Hangare a 1832, suka nuna ana iya gina wani ilimin siffofi daban ba tare da shi ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa dai, jimillar tana nan 180.