Faifai 99 Kacal: Yadda Dokar Haraji Ta Mayar Da Wani Kundin Waƙoƙi Abin Nema

A shekarar 1969 wasu samari 'yan birnin Kambirij na Ingila, masu kiran ƙungiyarsu Forever Amber, suka fitar da kundin waƙoƙinsu ɗaya tilo mai suna The Love Cycle. Kwafi 99 kacal aka buga a faifan garmaho. Dalilin kuwa yana cikin kundin haraji: a wancan zamani wanda ya buga faifai ɗari sai ya biya harajin saye, saboda haka ƙananan makaɗa kan tsaya a 99. An soke harajin a 1973, amma ƙungiyar ba ta sake fitar da wani kundi ba.

Salon kiɗan shi ne wanda Turawa ke kira saikedelik, kiɗa mai taushi da amsa-kuwwa kamar ana jin sa cikin mafarki. John Hudson ne ya rubuta waƙoƙin, ya jera su bisa matakan soyayya, tun daga haɗuwar farko har zuwa rabuwa. Duniya ba ta kula ba. Sai bayan shekaru masu yawa masu tara tsofaffin faya-fayai suka farga da shi, aka sake buga shi, kwafin asali kuma ya koma ana sayensa da kuɗin da ya haura fam dubu.

Nijeriya ma ta yi irin wannan kiɗa, kuma ta ƙware. A 1973 ɗaliban Kwalejin St Gregory da ke Legas suka fitar da Try and Love da sunan Ofege, BLO kuma suka fitar da Chapter One. Abin takaici, da aka tashi tattara waƙoƙin wannan zamani a kundin Nigeria Rock Special a 2008, kamfanin Soundway na Birtaniya ne ya yi aikin.

A Arewa, muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ne suka fi shiga gidaje a faifai. Jalingo tana da nata yanayin: ta zama babban birnin jiha ne a 1991, da aka cire Taraba daga Gongola, lokacin da kaset ya riga ya ture garmaho. Wato ma'aikatun jihar ƙannen faifai ne. Mai neman abin da ya saura a garin, gidajen tsofaffin malamai da ma'aikata ya kamata ya fara dubawa, kafin magada su share ɗaki.

Kuma lokaci ba ya jira. Zafin Maris da Afrilu a Jalingo kan lanƙwasa faifan da aka kwantar ƙarƙashin kwano, ƙurar hunturu kuma ta cike layukan da allura ke bi. Wanda aka jingine a tsaye cikin kwalinsa, a inuwa, yana iya yin waƙa bayan shekara hamsin.