Motsa Jiki Ga Mai Naƙuda Da Mai Jego

Jama'a, haihuwa aiki ce babba. Jikin mace ya kan gaji ƙwarai, ya na kuwa bukatar taimako. Wani taimakon ba na kuɗi ba ne, motsa jiki ne kawai. A manyan asibitoci akwai ma'aikatan gashi da motsa jiki, su ne ke koya wa mata wannan.

In naƙuda ta fara, kada a tilasta wa mace ta kwanta rigingine. A bar ta ta riƙa zagayawa a ɗaki a hankali, ko ta dafa bango, ko ta durƙusa yadda iyayenmu su ka saba. Tsayuwa da tafiya su na taimakon ɗa ya gangaro. In ciwo ya taso, ta ja numfashi a hankali ta hanci, ta sake shi ta baki. Wata kuma ta riƙa murza mata ƙugu. Amma in naƙuda ta yini, ko ta kwana, ba a haihu ba, sai asibiti maza.

A ƙasan marar mace akwai wani nama mai riƙe mahaifa da mafitsara, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Haihuwa ta kan sa shi ya saki. Shi ya sa wata in ta yi tari ko atishawa, sai fitsari ya ɗan zubo mata. A 1948 wani likitan Amurka, sunansa Arnold Kegel, ya bayyana yadda za a ƙarfafa naman nan. Ga yadda a ke yi:

1. Mace ta kwanta, ta tanƙwasa gwiwoyinta.
2. Ta matse ƙasanta kamar mai riƙe tusa da fitsari, ta ƙidaya biyar.
3. Ta saki, ta ƙidaya biyar.
4. Ta yi haka sau 10, da safe, da rana, da dare.

Kada ta yi shi sa'ad da ta ke fitsari. Kada kuma ta gaji da yi, gama sai an yi kamar wata 3 ake ganin amfaninsa sosai.

Mai jego ta riƙa ɗan takawa tun kwanakin fari, don kada jini ya daskare mata a ƙafa. Amma daka da ɗaukar tulu su jira sai bayan arba'in. Maigida, wannan naka ne, ka samo wadda za ta taya ta aiki.

In fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa, wannan yoyon fitsari ne. Motsa jiki ba ya warkad da shi, amma likita ya na gyara shi. Haka kuma in an ga zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko kumburin ƙafa ɗaya, a kai ta asibiti ran nan.

To, kai da ka iya karatu, ka karanta wa matan gidanku wannan.