Yaron da Ya Shige Ɗaki da Waya



Kwanan baya wata tsohuwa ta zo ɗakin shan maganinmu a nan Dangoma, ta ce a ba ta maganin ƙarin jini domin jikanta. Yaron shekararsa 16. Ya bar makaranta, ya bar gona, ko masallaci ba ya zuwa. Wata 8 ke nan ba ya fita sai da dare, ya kai wayarsa caji ya komo. Dare da rana yana wasa a cikin waya da mutanen da bai taɓa gani ba. Ubansa ya doke shi, ya ƙwace wayar, sai yaro ya ƙi cin abinci har kwana 2. Da na tambaye ta yadda yake yana ƙarami, ta ce bai yi magana ba sai da ya kusa shekara 4, ba ya duban idon mutum, ƙarar injin niƙa takan sa shi toshe kunne, kuma yakan wuni yana jera marafan kwalba shi kaɗai.

To, ku kasa kunne, gama abu uku ne suka tufke a nan kamar igiya.

Na fari shi ne abin da likitoci ke kira otizim. A rediyo wasu sukan ce galahanga, amma wannan suna ya haɗa lalurori da yawa. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943, bayan ya duba yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana samunsa ga kamar yaro 1 cikin 100. Da shi ake haihuwar yaro. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ba ta kawo shi, waya ma ba ta kawo shi. Yaro mai wannan hali yana shan wuya wajen gane nufin mutane: ba ya rarrabe wasa da gaske, hayaniya tana damunsa, canjin al'ada yana ta da hankalinsa. Wasu ba su magana sam, wasu kuwa suna da kaifin hadda da lissafi.

Na biyu shi ne ƙauracewa mutane. A Japan suna ce da shi hikikomori, watau mutum ya kulle kansa a gida wata 6 ko fiye, ba makaranta, ba aiki, ba aboki. Ku bambanta wannan da kunya. Yaro mai kunya yana sunkuyar da kai gaban manya, amma yana zuwa kiwo, yana zuwa dandali.

Na uku shi ne wasan waya da ya wuce kima. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka. Alamunsa uku ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan bisa sauran al'amura, ya ci gaba ko da ya ga ɓarnar. Galibi sai an shekara ana haka kafin a kira shi ciwo. Yawancin masu wasa ba su kai nan ba.

Ga yadda ukun ke haɗuwa. Yaro mai otizim ya je makaranta, yara su yi masa dariya, su ce masa wawa. Ya je kasuwar Kalgo, hayaniya ta kore shi. Sai ya samu waya. A cikin wasa doka ba ta sakewa, ba mai cewa ya dube shi ido da ido, in ya yi daidai nan take ya ga sakamako. Nan ne kaɗai ya san ya iya wani abu. Shi ya sa likitoci suka ga irin waɗannan yara sun fi saura saurin maƙale wa wasa. Amma yawan zama a ɗaki yana ƙara masa tsoron fita, barcin dare ya ɓace, jiki ya raunana, sai igiya ta ƙara ƙullewa.

Saboda haka ga abin da za ku yi.

Kada ku doke shi, kada ku ɗaure shi, kada ku kai shi gidan mari. Kada ku ƙwace waya farat ɗaya, gama wanda ya ɓoye a rumfa ba a rushe masa ita ana cikin ruwa. Ku yanka masa lokacin wasa, ya zama iri ɗaya kowace rana, waya kuwa ta kwana a wurin uba. Ku gaya masa abin da za a yi gobe tun yau, da magana gajera. Ku fara da mutum ɗaya da ya yarda da shi, ko kawu ko kaka, su ci tuwo tare. Ku ba shi aiki mai ƙa'ida, kamar ban ruwan dabbobi ko ƙirga buhunan shinkafa. Ku koya masa dara, gama ita ma wasa ce mai doka, amma da mutum a gabanka.

Ku kawo shi wurinmu. Mu ba mu yanke hukunci, sai mu ba ku takarda zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, in ta kama a wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato. Babu ƙwayar da ke kawar da otizim, kada mai talla ya cinye muku kuɗi. Amma akwai taimako domin rashin barci da baƙin ciki, kuma koyarwa da haƙuri suna aiki ƙwarai. In ya daina ci, ko ya ambaci mutuwa, ku zo a ranar, kada ku jira gari ya waye. Ku kuma, iyayen ƙananan yara, in yaro ya kai shekara 2 ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ku kawo shi a duba kunnensa da girmansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jikan tsohuwar nan bai bar waya ba tukuna, amma yanzu da safe shi ke bin kawunsa kai shanu mashaya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.