Daga Gwarzo da Kabo Zuwa Gidajen Tarihin Birnin Kano

Gidan tarihi wuri ne da ake tara kayayyakin da magabata suka rayu da su, a rubuta asalin kowanne, a kare su daga gara da danshi da hannun ɓarawo, sannan a jera su yadda kowa zai iya zuwa ya gani. Gidan nunin zane kuwa ya fi karkata ga aikin gwanaye: zane, sassaƙa, ɗinki, rubutu da makamantansu. A Najeriya an buɗe gidan tarihi na farko a Esie, cikin Jihar Kwara ta yanzu, a 1945. Na Jos ya biyo baya a 1952, na Legas a 1957. Tun 1979 hukumar gwamnatin tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ce ke riƙe da manyansu, ciki har da Gidan Makama na Kano.

Mutanen Gwarzo da Kabo ba baƙin birni ba ne. Suna shiga Kano don sarin kaya a Kantin Kwari ko Singa, don duba mara lafiya, don biki ko ta'aziyya. Amma ba kasafai ake jin wanda ya ware yini guda don ganin gidan tarihi ba, saboda an ɗauka wurin na Turawa ne da ɗaliban jami'a. Alhali kuwa kaso mai yawa na abin da ke ajiye a can labarin karkarar Kano ne, kuma yammacin Kano na da babban rabo a cikinsa.

Hanyar Gwarzo da Ƙofar Kabuga

Tsakanin Gwarzo da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 70, Kabo kuwa ta fi kusa. Mota na bi ta Rimin Gado, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, ta isa Kabuga. Nan ziyarar ke farawa tun kafin a sayi tikitin shiga ko'ina, domin Kabuga suna ne na ɗaya daga ƙofofin ganuwar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar, sarakunan baya kuma suka faɗaɗa ta. Ta wannan ƙofa sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kutsa birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A yau kwalta da gadar ƙasa sun mamaye wurin, shi ya sa mai son ganin yadda ƙofofin suke a da sai ya ƙarasa cikin birni.

Gidan Makama

Gidan Makama na daura da fadar Sarkin Kano, ta wajen Ƙofar Kudu, kuma duk mai adaidaita sahu ya san wurin. An gina shi a ƙarni na 15, kuma ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Riwaya ta nuna a nan ya zauna kafin a kammala Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke ciki har yau. Bayan 1903 Turawan mulki sun yi amfani da gidan a matsayin ofis. Daga baya aka raba shi: wani sashe ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama gidan mai sarautar Makama, wani kuma aka mai da shi gidan tarihi.

Ginin kansa shi ne abin kallo na farko. An yi shi da tubali da ƙasa, aka rufa shi da azara. Bangonsa mai kauri ne, shi ya sa ɗakunan ke da sanyi ko da tsakar rana a watan Afrilu. Wanda ya ɗaga kai zai ga yadda magina suka tanƙwara bakan gizo daga bango zuwa bango don ɗaukar nauyin rufi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Daga waje kuma ga zankwaye a kusurwoyi da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Getso ko Garo zai gane wannan aikin, sai dai a nan zai gan shi a matakin da manyan gwanaye suka kai shi.

An kasa gidan ɗaki goma sha ɗaya, kowane da abin da yake bayani a kai, kuma an tsara su yadda mai ziyara zai bi tarihi daki-daki. Akwai taswirar ganuwa da ƙofofinta, da tsofaffin ƙyamare masu rufin ƙarfe. Akwai labarin mazauna Dala da Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda a 999, da shigowar Musulunci ta hannun Wangarawa zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Daga nan sai jihadi, da hawan Sarki Sulaimanu, da Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819 kuma zuriyarsa ke sarauta har yanzu, da yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, sai zamanin Turawa da hotunansa.

A ɗakin jihadi ya kamata mutumin Kabo ya ɗan tsaya. Jagororin jihadin Kano sun yi hijirarsu ne zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni, kuma masana tarihi na ambaton Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya da Ƙaraye cikin garuruwan da yaƙin ya fara taɓawa, kafin a kai ga karon Ɗanyaya da faɗuwar Sarki Alwali a 1807. Huɗu daga waɗannan sunaye a yau mazaɓu ne a ƙaramar hukumar Kabo. Don haka sulke da lifidi da kwalkwali da mashi da garkuwa da ke jere a ɗakin irin kayan da aka gwabza da su ne a kan ƙasar da ake nomawa yanzu.

Sauran ɗakunan sun shafi rayuwar yau da kullum: kayan noma, saƙa, kayan karatun allo, da kayan kiɗa irin su tambari da kakaki da algaita da kalangu. Akwai kuma ɗakin amarya da jerenta na gargajiya. Yaron da ya buɗe ido ya ga roba da tangaran kaɗai, a nan zai ga akushi da taskira da mazari, ya kuma fahimci karin maganar da yake ji a bakin kakarsa.

Gidan Ɗan Hausa

Wuri na biyu yana wajen ganuwa, a unguwar Nassarawa. Gidan Ɗan Hausa ya samo sunansa daga Hanns Vischer, Bature haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda Kanawa suka laƙaba wa wannan suna saboda iya Hausarsa. Shi ne ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kuma a 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a Nassarawa, inda aka koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna da harshen Hausa, haɗe da sana'o'in hannu. Duk makarantar firamare da ke Gwarzo ko Kabo a yau, idan aka bi salsalarta, sai an biyo ta wannan wuri.

Gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Bene ne na ƙasa mai ado a fuskarsa, kuma yana nuna yadda maginan Kano suka sarrafa fasaharsu ta dace da bukatar baƙo. A ciki ana ajiye kayan sana'o'i da tufafi da hotuna da takardu. Malamin makaranta mai son koya wa yara yadda boko ya shigo ƙasar Hausa ba shi da ajin da ya fi wannan.

Fasahar da ke numfashi

Hausawa sun daɗe da fasaha, sai dai ba a jikin bango cikin gilashi suka saba rataye ta ba. Suna sanya ta a jiki, suna hawa da ita, suna kwana a cikinta. Aska takwas a gaban babbar riga, dagi a fuskar soro, zayyana a allon mai sauka, adon sirdi da linzami ranar hawan sallah, duk aikin gwanaye ne masu lissafi da ido. Saboda haka ziyarar Kano ba ta cika sai an haɗa da wuraren da ake wannan aiki har yanzu.

A karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, marina na haɗa baba da toka da katsi a rami, su bar shi ya nuna, sannan su riƙa tsoma yadi suna ɗagawa. Iska ce ke mai da launin shuɗi, kuma yawan tsomi ke sa shi ya yi duhu. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma ta samo asali zamanin Rumfa, tana da rumfunan dukawa da masu kayan doki da masu ƙwarya. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma lura cewa iyalai ne ke yin aikin a gidajensu. Audugar da zaren da saƙar da suka ɗaukaka sunan birni, galibinsu daga garuruwa da ƙauyukan ƙasar Kano suka fito. Wanda ya hau Dutsen Dala, inda aka gano alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, zai hango tsohon birni da Gwauron Dutse da ragowar ganuwa, abin da ya gani a taswira ya zauna masa a kai.

Zanen zamani kuwa Zariya ce cibiyarsa a Arewa. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai zanen Najeriya ya ɗebo daga al'adarsa. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya gaji wannan makaranta. A birnin Zazzau ɗin ne kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, ginin da masana ke ƙirgawa cikin ƙololuwar fasahar ginin Hausa. Mai halin tafiya gaba zai iya zuwa Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna Ahmadu Bello da aka mai da cibiyar bincike a 1970, ko Jos inda ake ajiye gumakan yumɓu na Nok, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959.

Yadda ake cin moriyar ziyara

Sammako ya fi, domin a gama da Gidan Makama kafin azahar, a bar Ƙofar Mata da Dala zuwa la'asar idan rana ta yi sanyi. Ana biyan kuɗin shiga, kuma akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna bayani. Matambayi ba ya ɓata: a tambayi daga ina aka samo abu, wa ya yi shi, me ake yi da shi. Ba a taɓa kayan da aka ajiye, domin gumi da maiƙon hannu na cinye fata da takarda da ƙarfe a hankali. Ɗaukar hoto sai da izini. Makarantar da za ta kai ɗalibai ta sanar da hukumar gidan tun da wuri, ta raba yara rukuni-rukuni, kowane da littafin rubutu. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma lokaci ne mai kyau na shirya irin wannan tafiya. Ya fi armashi idan an tafi da dattijo guda daga gari, domin sau da yawa yakan san sunan abu da amfaninsa fiye da abin da ke rubuce a jikin katin.

Kayan tarihi na cikin haɗari ta fuskoki da dama. Ginin ƙasa na bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Ganuwar Kano ta zaizaye a wurare da yawa saboda ɗibar ƙasa da gine-gine. Masu sayen tsofaffin kaya na bin ƙauyuka suna karɓar takubba da littattafan ajami a kan kuɗi ƙalilan, alhali doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izini ba. Kayan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 sun isa misali: sai a 2022 Jamus ta fara mayar da waɗanda ke hannunta.

A gidaje da yawa na Gwarzo da Kabo akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gafaka, ko takobin kaka, ko gwado, ko wasiƙar ajami a ƙasan adaka. Wanda ya ga yadda ake tattalin irinsu a Gidan Makama zai koma gida ya san darajar nasa. Haƙƙi ne a kan iyaye da malamai da masu unguwanni su kai yara su gani da idonsu, su kuma rubuta labarin abin da ke hannunsu tun dattawan da suka san asalinsa suna raye.